Idan soja zai iya jingine kundin tsarin mulki a dare ɗaya, ina ƙarfinsa yake?

Wani ɗalibi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, kullum muna jin lauyoyi suna cewa kundin tsarin mulki shi ne uwar dokoki, babu wanda ya fi ƙarfinsa. To amma sojoji sun sha dakatar da shi da sanarwa ɗaya a rediyo, 'yan siyasa ma suna take shi yadda suka ga dama. Mene ne ainihin aikin wannan kundi, daga ina yake samun ƙarfi? Kuma ita ƙasar da ake cewa yana tsara wa mulki, ba ita ce gwamnati ba?"

Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ita ce ya kamata a fara da ita, domin wanda bai raba ƙasa da gwamnati ba, duk bayanin da za a yi masa kan kundi zai bi ruwa.

Gwamnati mutane ne da ke riƙe da ofisoshi na wani lokaci. Ƙasa kuwa tana nan kafin su zo, tana nan bayan sun tafi. Kamar gandu ne: maigida kan rasu, wani ya karɓi riƙo, amma gonar tana nan da iyakokinta, bashin takin da aka ci bara ma yana nan, kuma sabon mai riƙo ba zai ce wa mai taki "ba ni na ci ba". Masana dokar ƙasa da ƙasa sukan kafa hujja da yarjejeniyar da ƙasashen nahiyar Amurka suka sa wa hannu a Montebidiyo ta Yurugwai a 1933, wadda ta ce ana kiran abu ƙasa idan yana da jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon ƙulla hulɗa da sauran ƙasashe. Ka ga ke nan gwamnati ɗaya ce daga cikin huɗu.

Misalin da ya fi fito da wannan a Nijeriya shi ne Bakassi. A watan Yunin 1975 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru suka sa hannu kan wata takarda a Marwa game da iyakar ruwa tsakanin ƙasashen biyu. Ba a yi wata biyu ba aka kifar da Gowon. Da rigimar ta kai Kotun Duniya da ke Heg, lauyoyin Nijeriya suka ce ai Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da abin da Gowon ya sa wa hannu ba, don haka bai hau kan Nijeriya ba. A hukuncinta na 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta ƙi karɓar wannan hujja. Ta kuma dogara da yarjejeniyar 1913 tsakanin Ingila da Jamus, wadda aka ƙulla tun kafin a haɗe Arewa da Kudu. Obasanjo ne ya sa hannu kan yadda za a miƙa wa Kamaru yankin a 2006, 'Yar'aduwa ne ya kammala miƙawar a watan Agustan 2008. Shugabanni sun yi ta sauyawa, wasu da bindiga wasu da ƙuri'a, amma wanda ya ɗauki alkawari da wanda ya cika shi, a idon doka, mutum ɗaya ne, sunansa Nijeriya.

Somaliya ta shafe shekaru babu gwamnatin tsakiya bayan faɗuwar Siyad Barre a 1991, amma ba a goge sunanta daga Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Biyafara kuma tana da gwamnati da soja da kuɗinta daga 1967 zuwa 1970, har ƙasashe biyar suka amince da ita, amma ba ta tsaya a matsayin ƙasa ba.

Akwai kuma ma'aunin da Bajamushen nan masanin zamantakewa, Max Weber, ya kawo a 1919. A wurinsa alamar ƙasa ita ce, a cikin yankinta, ita kaɗai ke da halattaccen ikon amfani da ƙarfi: ita ke kamawa, ita ke ɗaurewa, ita ke karɓar haraji. Na kan so ɗalibai su riƙe wannan ma'auni, domin ba zancen littafi kawai ba ne a wurinmu. Duk ƙauyen da manomi ba zai shiga gonarsa ba sai ya biya 'yan bindiga, kamar yadda ake fama a wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, to a wannan ƙauyen ƙasa ta ja baya, ko da taswira ba ta nuna ba. Sashe na 14(2)(b) na kundin 1999 ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne babbar manufar gwamnati. Wannan jimla ita ce dalilin da ya sa aka ce ka ajiye makaminka ka bar wa hukuma.

To wa ke da wannan iko tun asali? Sashe na 14(2)(a) ya ba da amsa: iko na jama'ar Nijeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun nata ta hanyar wannan kundi. Daga nan aikin kundin ya fito. Shi ke ƙirƙirar ofisoshi, shi ke ba kowane ofishi ikonsa, shi kuma ke shata masa inda zai tsaya. Babu shugaban ƙasa sai don sashe na 130 ya ce a yi shi. Babu gwamna sai don sashe na 176. Mutumin da ke kan kujerar ba da ikonsa ya zo daga gida ba, a ofishin ya tarar da shi, a nan kuma zai bar shi.

Wannan ya haifar da wata ƙa'ida da nake ganin ita ce ƙashin bayan fannin gaba ɗaya. Kai talaka, duk abin da doka ba ta hana ka ba, kana da damar yin sa. Mai riƙe da muƙami kuwa, duk abin da doka ba ta ba shi izini ba, ba shi da damar yin sa. Idan ɗan sanda ya tare ka, shi ne ke da nauyin nuna dokar da ta ba shi ikon tarewar. Idan gwamna ya rushe maka shago, shi zai nuna dokar da ya taka. Yawancin zaluncin da ake yi wa mutane a ofisoshi da kan hanya ya samo asali ne daga juya wannan ƙa'ida, har talaka ya zama shi ke neman izinin abin da dama haƙƙinsa ne.

Kada ka ɗauka Turawa ne suka kawo mana tunanin cewa mai mulki yana ƙarƙashin doka. Tun a ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, malaman jihadin Sakkwato kuma sun yi rubutu mai yawa kan iyakar ikon sarki da haramcin harajin zalunci. Abin da zamani ya ƙara shi ne kayan aiki: rubutaccen kundi guda, da wa'adin mulki, da kotun da za ta iya ce wa mai mulki a'a, kuma ya ji.

Maganar cewa kundi ya fi kowace doka tana cikin sashe na 1. Ƙaramin sashe na (1) ya ce kundin yana hawa kan kowa da kowace hukuma. Na (3) ya ce duk dokar da ta ci karo da shi, to wurin da ta ci karon ya zama banza. Ba kowace ƙasa ke haka ba. Ingila, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ba ta da kundi guda a rubuce, kuma a can majalisa ce ke sama: babu kotun da za ta soke dokar da majalisa ta yi. Mu hanyar Amurka muka bi, inda tun 1803, a shari'ar Marbury da Madison, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya kafa cewa kotu na da ikon ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundi. A Nijeriya an ga haka a 1981, lokacin da jihar Bendel ta kai gwamnatin tarayya ƙara kan dokar rabon arziki. Shugaba Shagari ya riga ya sa mata hannu, amma Kotun Ƙoli ta soke ta, saboda wani kwamitin haɗin gwiwa ne ya kammala ta ba tare da an mayar da ita gaban majalisun biyu ba kamar yadda kundin 1979 ya tanada. Ba a ce rabon ba shi da kyau ba. An ce hanyar da aka bi ba ita ba ce, kuma a wannan fanni hanya tana da nauyi daidai da abin da aka je nema.

Raba iko gida uku, ka san shi tun makarantar sakandare: sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaba da gwamnoni zartarwa, na 6 ya ba kotuna shari'a. Bafaranshen nan Montesquieu ne ya shahara da bayanin hikimar hakan a 1748. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne, rabon ba yana nufin kowa ya shiga ɗakinsa ya kulle ba. An tsara shi ne yadda kowane ɓangare zai riƙe wa ɗaya hannu. Shugaba na iya ƙin sa wa ƙuduri hannu, amma idan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sake amincewa, ya zama doka ko yana so ko ba ya so, kamar yadda aka yi wa Obasanjo kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Shugaba ke zaɓar ministoci, Majalisar Dattawa ke tantance su. Majalisa na iya tsige shugaba ko gwamna.

A kan tsigewar nan akwai darasi mai kyau. Da majalisar tsohuwar jihar Kaduna ta tsige Alhaji Balarabe Musa a watan Yunin 1981, kotuna sun ce hannunsu a ɗaure yake, domin kundin 1979 ya ce ba a kai maganar tsigewa kotu. Wannan sharaɗi yana nan a sashe na 188(10) na kundin 1999. Amma da 'yan majalisar jihar Oyo 18 cikin 32 suka taru a wani otal a Ibadan suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja a farkon 2006, Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya tana aiki ne kawai idan an bi matakan da sashen ya gindaya ɗaya bayan ɗaya. Ba a bi ba, don haka ba a yi tsigewa ba. Ladoja ya koma kujerarsa a watan Disambar shekarar. Kalmomin kundin kusan iri ɗaya ne a shari'o'in biyu, alƙalan ne suka sauya yadda suke karanta su. Wanda ya haddace sassan kundi bai karanta hukunce-hukuncen kotu ba, rabin ilimin kawai ya samu.

Akwai wani rabon kuma, tsakanin tarayya da jihohi. Jadawali na biyu na kundin ya jera abubuwa fiye da 60 da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, ma'adinai da harkokin waje. Sai jeri na biyu na abubuwan da ɓangarorin biyu ke tarayya a kai, inda dokar tarayya ke rinjaye idan an samu saɓani. Duk abin da ba ya cikin jerin biyu, na jiha ne. Wannan ne ya sa rigimar masarautu, kamar wadda aka yi ta yi a Kano tun daga dokar 2019 zuwa ta 2024, take farawa daga majalisar jiha: kundin 1999 bai ba sarakuna wani gurbi ba, saɓanin na Jamhuriya ta Farko da ya kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa alhali kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni na ƙarshe, domin sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar.

Sai haƙƙoƙi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ne wanda za ka iya ɗauka ka je babbar kotu da shi: haƙƙin rayuwa, mutunci, 'yancin addini, faɗin albarkacin baki, taro, zirga-zirga. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar, ba a hukunta ka da dokar da aka yi bayan ka aikata abin, ba kuma a ɗaure ka kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba. Kada ka raina waɗannan. A 1985 an harbe samari uku a Legas kan safarar ƙwaya bisa wata dokar soja ta 1984 da aka mayar da aikinta baya, ta hau kan abin da aka yi kafin a kafa ta. Sharaɗin rubuta laifi a doka kuwa shi ya sa da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, sai da majalisar jihar ta zauna ta mayar da hukunce-hukuncen rubutacciyar doka, bai wadatar alƙali ya buɗe littafin fiƙihu kawai ba. Muhawarar da ta biyo baya, tsakanin masu riƙe da sashe na 10 da ya hana ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati da masu riƙe da sashe na 38 da sassan da suka kafa kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a, tsohuwa ce. Ita ce ta sa wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren tsara kundi a 1978.

Babi na biyu kuwa, inda aka yi maganar ilimi kyauta da kiwon lafiya da aikin yi, yana da daɗin karantawa, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. Ba za ka kai gwamna kotu da wannan babi kaɗai don asibitin garinku ba shi da magani ba. Sai idan majalisa ta ɗauki wani abu daga ciki ta mayar da shi doka, kamar yadda aka yi da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ko dokar da ta kafa hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinta a 2002 a ƙarar da jihar Ondo ta shigar. Ni a ganina wannan gibi ne babba, domin mai jin yunwa da wanda bai yi karatu ba da wuya su san hanyar babbar kotu balle su nemi haƙƙin da ke babi na huɗu.

Yanzu ga maganar soja, wadda ita ce ta fi damun ka.

Gaskiya ne, sashe na 1(2) ya ce ba za a mulki Nijeriya ba, kuma babu wanda zai karɓi mulkinta, sai ta hanyar da kundi ya tsara. An fara sa wannan jimla a kundin 1979, bayan shekara 13 na mulkin soja. Ba ta hana juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ba. Abin da sojoji ke yi kullum iri ɗaya ne tun 1966: dokarsu ta farko ita ce ta dakatar da wasu sassan kundi, ta rushe majalisa, ta kuma ce dokar soja ce sama da abin da ya rage. Kotuna sukan bar su a buɗe, amma su toshe musu hanya da sharaɗin cewa ba a ƙalubalantar dokar soja.

Kotun Ƙoli ta taɓa gwada tsayawa. A shari'ar Lakanmi, a watan Afrilun 1970, gwamnatin soja ta ƙwace dukiyar wani mutum, da ya je kotu sai aka yi wata doka ta musamman da ta ambaci sunansa don a rufe maganar. Kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Adetokunbo Ademola, ta ce abin da ya faru a Janairun 1966 miƙa mulki ne na wucin gadi saboda larura, don haka kundin 1963 yana nan da rai, kuma gwamnati ba za ta zama mai ƙara ta zama alƙali ba. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 ta 1970, wadda ta ce juyin juya hali aka yi, ta kuma shafe hukuncin. Daga nan kotunanmu suka koma kan layin da kotunan Pakistan a 1958 da na Yuganda daga baya suka bi, wato juyin mulkin da ya yi nasara yana kafa sabon tsarin doka da kansa. Wanda ya gaza kuwa, cin amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa. Har yau ma sashe na 6(6)(d) na kundin 1999 ya hana kotu bincikar ko waɗanda suka yi dokoki tun daga 15 ga Janairu, 1966 suna da hurumin yin su. Kundin da ya haramta juyin mulkin gobe, shi ne ya rufa wa na jiya asiri.

To ina ƙarfin yake? Amsar da zan ba ka ba ta da daɗi: takarda ba ta kare kanta. Ƙarfin kundi yana cikin ɗabi'ar mutanen da ke riƙe da ofisoshi, da abin da jama'a za su lamunta. Yana aiki ne ranar da akawun majalisa ya ƙi sa hannu kan abin da ba a zartar ba, ranar da ɗan sanda ya bi umarnin kotu ko da bai yi wa maigidansa daɗi ba, ranar da wanda ya faɗi zaɓe ya tattara kayansa. Idan waɗannan suka yi yawa, mai bindiga ma yakan yi tunani sau biyu, domin ya san ba zai samu masu yi masa aiki ba.

Dubi abin da ya faru da tazarce a ƙasashe biyu maƙwabta. A Nijeriya an so a gyara kundi don Obasanjo ya samu wa'adi na uku, amma a ranar 16 ga Mayu, 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin a zaman da aka nuna kai tsaye a talabijin, kuma maganar ta mutu a nan. A Nijar, Shugaba Tandja Mamadou ya nemi irin wannan a 2009, alhali kundin 1999 na ƙasar ya taƙaita wa'adi biyu, ya kuma hana a taɓa wannan sharaɗi. Kotun tsarin mulki, wadda Salifou Fatimata Bazeye ke shugabanta, ta ce ba zai yiwu ba. Sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun, ya yi ƙuri'ar raba gardama a 4 ga Agusta. A 18 ga Fabrairu, 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka ɗauke shi daga fada. Rubutun kundin Nijar ya fi na Nijeriya tsauri a kan wannan batu, alƙalanta kuma sun yi abin da ya kamata. Abin da ya bambanta shi ne, a wuri ɗaya mai mulki ya karɓi kaye, a ɗayan ya ƙi. Kuma ka lura da jerin abubuwan: farar hula ne ya fara karya kundin, soja ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe. Wannan bai halatta juyin mulki ba, amma duk gwamnatin da ke zaɓar hukuncin kotun da za ta bi, tana koya wa kowa cewa ƙarfi ne doka. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a 1986, a tsakiyar mulkin soja, lokacin da gwamnatin Legas ta fitar da tsohon jagoran Biyafara Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin 'yan sanda alhali magana tana gaban kotu.

Za ka ji ana cewa kundin 1999 ma ai na soja ne. Akwai gaskiya a ciki. Ya fara da cewa "Mu jama'ar Tarayyar Nijeriya", amma gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi da doka mai lamba 24 a watan Mayun 1999, bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa tun a Fabrairu. Wato an zaɓi mutane kafin su ga takardar da za su rantse da ita. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya ji ra'ayoyin jama'a cikin ƙanƙanen lokaci, ya ba da shawarar a koma wa na 1979 da 'yan gyare-gyare. Shi na 1979 ɗin ya fi samun tattaunawa, daga kwamitin Rotimi Williams da ya rubuta daftarinsa zuwa zauren wakilai, amma shi ma sojoji sun cusa masa abubuwa a ƙarshe, ciki har da dokar mallakar filaye ta 1978 da ta bautar ƙasa, waɗanda har yanzu suna manne a sashe na 315(5). Duk da haka ba na tare da masu cewa kundin ba shi da halacci sam. An yi zaɓuka da shi fiye da shekara 25, jam'iyya mai mulki ta faɗi ta miƙa wa 'yan adawa a 2015, zaɓaɓɓun wakilai kuma sun sha yi masa gyara.

Gyaran da gangan aka tsaurara shi. Sashe na 9 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Idan babin haƙƙoƙi za a taɓa, ko hanyar ƙirƙirar jihohi, ko shi kansa sashe na 9, sai an samu kashi huɗu cikin biyar. Ta wannan hanya aka gyara sashe na 145 bayan rikicin jinyar 'Yar'aduwa, lokacin da ya bar ƙasar a Nuwamban 2009 bai miƙa wa majalisa takarda ba, har sai da majalisar ta fake da larura ta naɗa Jonathan muƙaddashi a Fabrairun 2010. Yanzu idan kwana 21 suka wuce babu takarda, majalisa na iya ba mataimaki riƙo. Ta nan aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018, aka kuma buɗe wa jihohi harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa a 2023.

A wannan zagaye na 2023 ne ƙudurin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu ya kasa samun jihohi 24, abin da bai ba kowa mamaki ba, tunda majalisun jihohi da wuya su saɓa wa gwamnoninsu. Sai gwamnatin tarayya ta bi ta kotu, kuma a 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa sun saɓa wa sashe na 7, wanda ya ce zaɓaɓɓu ne za su shugabance su. Maganar kantomomi ba ni da ja a kanta. Ta kuɗin ce ke sa ni jinkiri, domin sashe na 162 ya ambaci asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sunansa, kuma har yanzu ba a goge shi ba. Kotun ta ce gwamnoni sun mayar da asusun hanyar danne kuɗin, don haka ta fifita manufar sashen a kan lafazinsa. Na fahimci dalilin, kuma duk wanda ya san halin da sakatariyoyin ƙananan hukumomi ke ciki zai fahimta. Amma abin da aka kasa samun majalisun jihohi 24 su yi, alƙalai bakwai sun yi shi, kuma ƙofar da aka buɗe don abin da muke so yau, wani zai iya bi ta cikinta gobe don abin da ba ma so. In da so samu ne, a koma sashe na 9 a gyara rubutun ya dace da hukuncin.